Yadda Ake Gwada Saitin Ƙaramin Injin Milin da Yadda Ake Gyara Shi

Tambaya daga wani mai karatu a Daura: "Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mai aikin ƙarfe ne, ina walda da gyaran injin niƙa da injin ban ruwa. Na sayi ƙaramin injin milin, wato injin sassaƙa ƙarfe da baki mai juyawa, irin na ɗorawa a kan benci, ƙirar ƙasar Sin, mai ginshiƙi mai kusurwa huɗu, wanda kansa ke karkatawa hagu da dama. Matsalata biyu ce. Idan na share fuskar ƙarfe da kota, wato bakin yanka, mai faɗin milimita 50, sai in ji tudu tsakanin layi da layi har farce na kamawa. Sannan idan na sa alama da gajeren baki, na ɗaga kai na ɗaura doguwar dirila, sai ramin ya goce daga inda na sa alamar. Na ari agogon awo, mai allurar da ke nuna ƙaramin bambanci, na daidaita kan hagu da dama, amma tudun yana nan, gocewar ma kamar ƙaruwa ta yi. Injin ne ba shi da kyau, ko akwai abin da ban yi ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Abin da na fahimta shi ne ka gyara saiti ɗaya, alhali injinka yana da saiti fiye da ɗaya, kuma alamomin nan biyu da ka ambata ba daga wuri guda suke fitowa ba. Tudun da farce ke kamawa yana nuna sandar juyi, wadda muke kira sifindil, ba ta tsaya cak a kan teburin injin ba ta fuskar gaba da baya. Gocewar rami kuwa tana nuna hanyar da kai ke bi idan yana hawa da sauka a jikin ginshiƙi ba ta yi daidai da layin sandar juyin ba. Duka biyun suna gyaruwa, kuma ba sa nuna cewa an cuce ka a ciniki.

Ya kamata ka san irin injin da ke hannunka. Babban injin milin na masana'anta, irin ƙirar Bridgeport da aka fara fitarwa a Amurka a 1938, nauyinsa ya kusa tan guda, kuma kansa yana da notocin gyara ta fuskoki biyu, hagu da dama da kuma gaba da baya. Ƙananan da kamfanoni irin su Sieg na Shanghai da Rong Fu na Taiwan ke ƙerawa nauyinsu kaso kaɗan ne na wancan, ginshiƙinsu daban ake zuba shi a ɗaure shi a gindi da noti, kuma yawanci ba su da hanyar gyara gaba da baya sai dai ciko, wato cusa siririn ƙarfe a mahaɗa. Inji irin wannan ya sha jirgin ruwa, ya sha mota, an ɗaga shi an dire shi, don haka duk wanda ya saye shi wajibi ne ya ɗauka cewa saitin farko aikinsa ne.

Abin da alamomin ke faɗa

Idan kana tura ƙarfe hagu da dama a ƙarƙashin kota, karkatar da ke kan hanyar tafiyar tana sa gefe ɗaya na kotar ne kawai ke ci, sai fuskar ta fito da ɗan kwari a tsakiya. Karkatar da ta gitta hanyar tafiyar, wato ta gaba da baya, ita ce ke barin kowane layi a jirkice, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, sai a sami tudu inda layi ya haɗu da layi. Shi ya sa gyaran hagu da dama bai taɓa tudunka ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan agogo ya nuna bambancin milimita 0.10 a da'ira mai faɗin milimita 200, kota mai faɗin 50 za ta iya barin tudun da ya kai 0.025, ƙaramin baki mai faɗin 10 kuwa 0.005 kawai zai bari. Wannan ne dalilin da mutum zai daɗe yana yanka ramin ki a jikin shaf da ƙaramin baki bai ga laifin injinsa ba, sai ranar da aka kawo masa tof silinda na babur ya share, gasket ya ƙi riƙewa.

Maganar da ka yi cewa gocewar kamar ƙaruwa ta yi bayan gyaranka, ita ce ta fi jan hankalina, domin tana da dalili. A ce ginshiƙin ya ɗan jingina hagu, amma kan yana tafiya daidai da shi kamar yadda aka haɗa su. A wannan hali ramin zai ɗan karkace, amma tsinin gajeren baki da na doguwar dirila za su sauka wuri ɗaya, saboda kan yana hawa a kan layin da sandar ke kallo. Da ka juya kan shi kaɗai har ya tsaya cak a kan tebur, sai ka raba shi da layin ginshiƙi: sandar tana kallon ƙasa sak, kan kuma yana hawa a karkace. Kamar maginin da ya sa ƙyaure da ma'aunin ruwa a jikin bangon da ya jingina ne, ƙyauren daidai yake amma ba zai shiga gurbinsa ba. Idan ginshiƙi ya jingina da 0.10 a cikin 200, ɗaga kai da milimita 100 zai kawar da tsinin da 0.05. Idan gocewar da kake gani ta fi haka nesa, har ido na ganinta sarai, to akwai sassauci a hanyar ginshiƙin, ko ba ka kulle tebur, ko dirilar ce ke yawo kafin ta kama.

Kafin a ɗaura agogo

Zare filogin injin daga wuta. Duk awon nan da hannu ake juya sandar, kuma mun san yadda wuta ke dawowa ba sallama. Agogo a jikin sandar da ta tashi da gudu yana iya fasa fuskar mutum. Amma kafin ka zare, bar injin ya yi gudu kamar minti goma zuwa sha biyar domin boris ɗinsa, wato zobban da sandar ke juyawa a cikinsu, su ɗauki zafin da suke aiki da shi. Ƙa'idar awo ta duniya a kan zafi digiri 20 aka gina ta, mu kuwa a Katsina da Daura watan Afrilu yakan kai mu 40, kuma ƙarfe mai tsawon milimita 100 yana ƙaruwa da kimanin 0.02 a wannan tazarar. Zafin da ya game inji duka ba ya ɓata kusurwa sosai. Wanda ke ɓatawa shi ne rana ta shigo ta ƙofar shago ta bugi gefe ɗaya na ginshiƙi, don haka na fi son yin wannan aiki da safe, a inuwa.

Sai tsabta. Wanke tebur da kananzir, ka shafa tafin hannunka a kai, ka bi duk inda guduma ko ƙarfe ya taɓa faɗawa da lallausan dutsen washi a hankali har tudun ya kwanta. Duba bencin kuma. Ba dole ba ne inji ya zauna daidai da ma'aunin ruwa, amma dole ne kada a murɗe gindinsa. Idan saman bencin ba shimfiɗe yake ba, ka ɗaure noti huɗu da ƙarfi, gindin zai bi bencin. Gwajin shi ne ka ɗora agogo a tebur, ka sassauta notocin benci ɗaya bayan ɗaya. Kusurwar da allura ta motsa idan an sassauta ta, ita ke bukatar ciko a ƙasa.

Daga nan sai sassauci, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna gaggawa. Kowace hanyar zamiya tana da siririn ƙarfen matsi da ake kira gib. Ɗora bakin agogo a gefen tebur, ka kama ƙarshensa ka girgiza. Ka yi haka ga kan ma. Matse gib har motsin ya ragu zuwa 0.01 ko 0.02 ba tare da mariƙin ya yi tauri ba. Na ginshiƙi ya fi muhimmanci a matsalarka, domin nauyin motar lantarki da giyoyin kan duk a gaba yake, idan gib ya saki sai kan ya sunkuya. Akwai injinan da aka kawo mini da kukan tudu irin naka, da na matse wannan gib kaɗai rabin bambancin ya tafi. Ɗaura guntun ƙarfe a sandar juyi ka tura shi gefe da hannu kana kallon agogo. Idan allura ta tafi ba ta dawo inda take ba, boris ne ke neman ɗauri, kuma babu saitin da zai zauna sai an gyara su. Ka kuma lura cewa kulle kai yana canza karatu, saboda haka duk awon da za ka rubuta, ka ɗauke shi a yanayin da kake yanka, wato a kulle.

Abu na ƙarshe a shiri: kafa agogo a kai, bakinsa a kan tebur, ka tura teburin daga ƙarshe zuwa ƙarshe, sannan gaba da baya. Wannan yana nuna ko fuskar teburin tana tafiya daidai da hanyarta. Ɗan sauyi a can ƙarshen tafiya ba abin mamaki ba ne, nauyin teburin ne ke rinjaya. Shi ya sa sauran awon duka a tsakiyar tebur ake yin su.

Ginshiƙi tukuna

Wannan shi ne matakin da ka tsallake. Kana bukatar abu mai tsayuwa cak a kan tebur. Sukwayar kafinta ba za ta yi ba. Sukwayar injiniya tana yi, amma abin da na fi amfani da shi shi ne ƙarfe mulmulalle mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, kamar fin ɗin fistan na babbar mota wanda bai ci ba, ko wanda aka gyara a injin les, mai juya ƙarfe yana sassaƙa shi, aka share gindinsa a ɗauri guda. Amfanin mulmulalle shi ne yana tona nasa laifin. Ka tsayar da shi, ka ɗaura agogo a kai bakinsa na taɓa gefensa, ka ɗaga kan daga ƙasa zuwa sama, ka rubuta bambancin. Sai ka juya ƙarfen rabin zagaye a inda yake ka sake. Idan karon farko ka sami 0.10, na biyu 0.06, ka haɗa ka raba biyu: jinginar ginshiƙi 0.08 ce, ragowar 0.02 laifin gindin ƙarfen ne. Idan allura tana ƙaruwa yayin da kan ke hawa, saman ginshiƙi ya jingina ta wajen da bakin agogon ke kallo ke nan; idan tana raguwa, ta ɗaya wajen ya jingina. Yi wannan daga gefe domin hagu da dama, ka sake daga gaba ko baya domin ɗaya fuskar.

Idan agogonka mai ɗan hannu ne ba mai sandar turawa ba, kwantar da hannun ya kusa yin daidai da fuskar da yake taɓawa. Idan ya tashi da digiri 30, karatun zai ɗara gaskiya da kusan kashi 15 cikin ɗari.

Kafin ka yi tunanin ciko, sauke kan ya zauna a kan guntun katako a tebur, ka sami mutum ya riƙe maka, domin ginshiƙi da kai idan suka rinjaya ba hannu ɗaya ke tare su ba. Sassauta notocin gindin ginshiƙi, ka ɗaga shi kaɗan, ka duba fuskokin biyu. Sau da yawa fenti, ko busasshen giris, ko ɗan ɓurɓushin ƙarfe ake samu a maƙale a wurin, kuma share shi kaɗai yana iya gyara jinginar. Mayar, ka ɗaure, ka sake awo.

Idan har yanzu akwai saura, sai ciko, wato shim. Kaurinsa lissafi ne, ba kintace ba: ka ninka jinginar da tazarar notoci, ka raba da tsawon da ka auna. Jinginar 0.08 a tsawon 200, notoci masu tazarar 100, ciko 0.04 ke nan, kuma a ƙarƙashin gefen da ginshiƙin ya jingina gare shi ake sa shi. Mafi kyawun abin ciko da ke kusa da hannu shi ne ganyen fila geji irin na saitin bawul, domin kowane ganye an rubuta kaurinsa kuma ba ya lotsewa. Jikin gwangwanin lemo kimanin 0.1 ne, takardar alminiyam ta naɗe abinci kuwa ba ta cika wuce 0.02 ba, suna fitar da mutum kunya, amma alminiyam yana kwanciya a ƙarƙashin matsi, sai an sake dubawa bayan kwana biyu. Takarda da kwali kada su shiga wurin sam, suna shan mai su ruɓe. Yanka cikon ya kewaye notin, ko ka sa shi gefe da gefensa, domin idan ka sa shi nesa da noti, ɗaurin zai lanƙwasa ƙarfen zubin maimakon ya karkata ginshiƙin. Ɗaure notocin a gicciye, kaɗan-kaɗan, da ƙarfi iri ɗaya kowane karo. Ciko a fuska ɗaya yakan ɗan taɓa ɗayar, saboda haka za ka maimaita, kuma wannan maimaicin shi ne aikin.

Sannan kai

Sai ginshiƙi ya tsaya za ka koma abin da ka fara da shi. Ɗaura agogo a sandar juyi da hannu mai fita gefe, ya zana da'ira gwargwadon faɗin teburinka. Kada ka damu ko abin da ya riƙe agogon bai zauna tsakiya sak ba, domin agogon yana zagaya layin juyin sandar ne, ba jikin mariƙin ba. Abin da ake bukata kawai kada ya motsa a tsakiyar awo. Domin kada baki ya faɗa ramukan tebur, shimfiɗa gilashi mai kauri, ko zoben waje na babban boris, ko ka riƙa matsar da guntun ƙarfe guda ɗaya mai kauri daidai zuwa kowane wuri. Idan gilashi ne, juya shi ka sake awo don ka tabbatar ba shi ke da bambancin ba. Ƙaramin madubi yana taimakawa wajen karanta agogo idan ya juya maka baya.

Sa sifiri a hagu, ka juya zuwa dama. Gefen da karatu ya fi yawa shi ne ya fi kusa da tebur, shi za a ɗaga, kuma rabin bambancin ake gyarawa. Kada ka kwance notocin kan gaba ɗaya. Bar su da ɗan riƙo, ka riƙa bugun kan da gudumar roba a hankali kana kallon allura. Abin da ke ba mutane haushi shi ne ɗaurin ƙarshe yana jan kan ya ɓata abin da aka gyara, don haka a ɗaura kaɗan, a duba, a ƙara. Wanda yake yawan karkata kai saboda aiki, ina ba shi shawara ya ɗaura ƙananan tubalan ƙarfe biyu a jikin mazaunin kan, kowanne da notin turawa, yadda zai riƙa matsar da kan da sifana maimakon guduma. Alamar digiri da ke jikin kan ba abin dogaro ba ce a wannan aiki, domin kuskuren kashi ɗaya cikin goma na digiri ya kai kusan 0.35 a faɗin 200.

Yanzu gaba da baya, inda tudunka yake. Idan ginshiƙi ya tsaya, gib ya matsu, amma gaba tana nuna karatu fiye da baya, kan ne ya sunkuya a mazauninsa, kuma cikon yana shiga tsakanin kai da farantin da ke hawa ginshiƙi, ta ƙasa. Idan baya ce ta fi, ta sama. Kuskuren da ya kamata ka guje wa shi ne gyara wannan sunkuyon ta hanyar ƙara ciko a gindin ginshiƙi, domin tudun zai tafi amma gocewar rami za ta dawo ta fuskar gaba da baya. Ni nakan bar gaba ta ɗara baya da kamar 0.01, saboda ƙarfin yanka yana tura kan sama, sai ya cinye wannan ɗan rarar. Ƙa'idojin gwajin manyan injina ma ta wannan gefen suke yarda da rara.

A kan manyan injina sababbi ana neman kimanin 0.02 a cikin 300. A ƙaramin inji irin naka, a ganina, wanda ya sami 0.02 zuwa 0.03 a cikin 200 ya tsaya nan. Dafa kan da hannu kawai kana kallon agogo, za ka ga allura ta motsa fiye da haka, wanda ke nuna cewa neman abin da ya fi wannan ɓata yini ne.

Bayis da yankan gwaji

Bayis, wato abin da ke matse aiki a kan tebur, shi ne mai sauƙi. Goge ƙasansa da tebur, ka ɗaure noti ɗaya da ɗan ƙarfi, ɗayan sako-sako, ka bi muƙamuƙin da ba ya motsi da agogo daga gefe zuwa gefe, kana ɗan bugu har allura ta tsaya. Idan yana da faranti mai juyawa a ƙasa kuma ba ka bukatarsa, cire shi. Ka kuma sani muƙamuƙi mai motsi yana ɗaga ƙarfe idan an matse, don haka a buga aikin ya zauna kafin a yanka, kada a ɗora wa inji laifin bayis.

Sai ka ɗauki guntun alminiyam ko ƙarfe mai laushi, ka kulle kai da duk hanyar da ba ta tafiya, ka share fuskarsa da kotar nan ta 50, ci kaɗan kamar 0.1, layi biyu masu hawa juna. Idan saiti ya yi, za ka ga zanen gaba da na bayan kotar sun gitta juna, farce kuma ya wuce mahaɗar bai tsaya ba. Domin gocewa, sa alama da gajeren baki, ka ɗaga kai, ka ɗaura dogon ƙarfe miƙaƙƙe mai tsini, ka sauke shi kana juyawa da hannu ka ga ko alamar tana tsakiyar zagayensa.

Akwai abin da ciko ba ya gyarawa. Idan a gwajin ginshiƙi allura ta hau ta kuma sauko a tsakiyar tafiya, hanyar ce ba miƙaƙƙiya ba, ko ta ci. Idan tebur yana da kwari a tsakiya, ko gib ya yi daidai a tsakiya amma ya cije a ƙarshe, shi ma ci ne. Maganin waɗannan kankarar hannu ce da shuɗin alama a kan faranti na awo, kuma ba aikin da zan ce ka fara koya a jikin injin da kake ci da shi ba ne. A sabon inji da wuya ka tarar da haka, amma ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai a kan hanyoyin zamiya tana cin ƙarfe da sauri, haka ma ƙurar giranda, kai kuma mai walda ne. Raba injin da wurin da kake gurza, ka rufe shi da yadi idan ba ya aiki, ka goge hanyoyin kafin ka zuba sabon mai. Rubuta lambobin da ka samu da kaurin kowane ciko da inda ka sa shi a takarda ka ajiye kusa da injin, ka sake gwajin da'ira duk lokacin da ka karkata kai, ko kota ta cije ta tsayar da inji, ko ka matsar da bencin. Idan ka gama, aiko mini da karatun ginshiƙi na fuskoki biyu da na da'ira na wurare huɗu, tare da tazarar notocin gindin, in duba lissafin cikon tare da kai.